Talle da Audi: Tsakanin Mace da Namiji, Wa Ke Rigan Wani a Kwarin Haɗejiya?

A ƙasar Haɗejiya, kamar sauran ƙasar Hausa, akwai sunayen da in ka ji su ka san an yi zaman makoki a gidan dab da yanka ragon suna. Yaron da ake kira Audi bai tarar da mahaifinsa ba, yana ciki uban ya rasu. Wanda ake kira Talle kuwa maraici ya same shi tun yana cikin tsumma, kuma sau da yawa uwa ce ta tafi ta bar shi a hannun kaka ko gwaggo. Ga kuma 'ya'yan wabi, su Ajuji da Ayashe da Abarshi, waɗanda iyaye suka laƙaba musu sunan ko-in-kula, ko Allah zai sa wannan karon a bar musu. Tun kafin wata hukuma ta buga takardar shaidar mutuwa, waɗannan sunaye ne rajistarmu. Suna faɗin wanda ya rasu, uwa ce ko uba ko jariri, ba sa dai faɗin adadi.

Kakata ta wajen uwa, wadda ta yi rayuwarta a wani ƙauye da ke bakin kogi, in aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, amsa biyu take bayarwa a numfashi ɗaya: haihuwa goma sha ɗaya, biyar a raye. Haka tsararrakinta suke amsawa, ba tare da murya ta sauya ba. Ta ga jikokin jikoki, mijinta kuwa ya riga ta da shekaru masu yawa. Wanda ya dubi irin waɗannan tsofaffi zai ce mata sun fi maza tsawon rai a wajenmu, kuma zancen da ake yawan yi a majalisa ke nan, har da ƙarin cewa mata sun ninka maza yawa. Abin da ƙididdiga ta nuna ya sha bamban da wannan, kuma bambancin ne ya sa na zauna rubuta wannan maƙala.

Da farko sai mun daidaita kan ma'anar adadin da masana ke kira matsakaicin tsawon rai. Adadin ba duba ba ne, bai kuma shiga hurumin ajali ba. Lissafi ne kawai: idan aka ɗauki jariran da aka haifa a bana, aka ƙaddara cewa yanayin mace-macen bana zai bi su har ƙarshen rayuwarsu, shekara nawa kowannensu zai samu in aka raba daidai? A ɗauki jarirai goma. Huɗu sun rasu suna da shekara ɗaya, shida sun kai 65. In aka tara aka raba goma, za a samu shekara 39 da 'yan watanni, alhali babu ko ɗaya cikinsu da ya rasu yana da 39. Don haka idan aka ce tsawon rai a Najeriya a 1960 bai wuce shekara 37 ba, ba ana nufin babu tsofaffi a lokacin ba. Ana nufin maƙabarta cike take da ƙananan kaburbura.

A kusan ko'ina a duniyar yau mace ta fi namiji daɗewa. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ba mazan duniya kimanin shekara 70 da rabi, mata kusan 76, wato tazarar shekara biyar. A Japan mata na kai wa 87, maza 81. A Rasha tazarar ta haura shekara 13 a 1994, lokacin da giya da rugujewar tattalin arziki suka yi wa maza kisan mummuƙe. Wani ɓangare na wannan fifiko daga halitta yake. Ana haifar maza fiye da mata da ɗan kaɗan, amma jariri namiji ya fi rauni a makonnin farko, huhunsa na jinkirin ƙosawa, kuma garkuwar jikin mace ta fi tsayawa gaban cututtuka da dama. Wani bincike da Virginia Zarulli da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya bi diddigin masifu irin su yunwar Ailan ta 1845 zuwa 1849 da ta Yukiren ta 1933, ya tarar cewa ko a cikin irin wannan bala'i mata sun fi maza tsira, kuma mafi yawan fifikon ya fito ne daga jarirai mata.

Sai dai babbar tazarar da ake gani a ƙasashen da suka ci gaba sabuwar aba ce. A Amurka a 1900 ba ta wuce shekara biyu ba. Ta buɗe ne a ƙarni na 20 saboda abu biyu da suka faru tare: haihuwa ta daina kashe mata, taba sigari da ciwon zuciya kuma suka kama maza. A tsakiyar shekarun 1970 ta kai 7.8, daga nan ta fara tsukewa da maza suka rage shan taba. Akwai kuma inda al'amarin ya juya baki ɗaya. A Indiya, har zuwa wajejen 1980, maza ne suka fi mata tsawon rai, saboda fifita ɗa namiji wajen abinci da magani, abin da ya sa Amartya Sen ya rubuta shahararriyar maƙalarsa ta 1990 kan mata fiye da miliyan 100 da suka ɓace daga lissafin duniya.

To ina Najeriya ta faɗa? A ƙiyasin 2023 ɗin nan, namiji na da shekara 54 da 'yan watanni, mace kuma ba ta kai 55 ba. Tazarar ba ta cika shekara guda ba, tana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, kuma jimillar kanta tana can ƙasan jerin ƙasashe. Fifikon da halitta ta ba mace yana nan, domin binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna yara maza sun fi yara mata mutuwa kafin shekara biyar. Ke nan a wani wuri tsakanin yaye da tsufa ake ƙwace wa mace abin da ta zo da shi. Kafin mu je wurin, bari mu koma baya.

A ƙarni na 19 mutuwar namiji a ƙasar Haɗejiya tana da suna da fuska. Zamanin Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato ya riƙe garin da ƙarfin takobi har zuwa rasuwarsa a 1863, zamani ne na hari da ramuwar hari tsakanin Haɗejiya da maƙwabtanta, su Kano da Katagum da Bade. Yaƙin wancan lokaci yana da tsarinsa: mazan da suka tsaya a kashe su, mata da yara a kora su a matsayin ganima. Ranar 25 ga Afrilun 1906 sojojin Ingila suka shiga birnin da bindigogi masu jigida, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da dakarunsa masu yawa, shi ya sa har gobe ake kiransa Mai Shahada. A wuni guda gidaje da dama suka shiga takaba. Wannan mutuwa tarihi ya riƙe ta, ana karantar da ita, ana zuwa ziyarar kaburburan. Matan da suka rasu a kan gwiwa a wannan shekarar, a Auyo da Kafin Hausa da Guri, babu marubucin da ya ƙirga su.

Zuwan Turawa bai gyara wannan giɓi ba. Mulkin En'e yana ƙirga abin da zai kawo kuɗi: baligan maza saboda haraji, shanu saboda jangali. Dagaci ya san adadin magidantan garinsa, ya san garken kowane Bafulatani da ya sauka a fadama da rani. Ba na jin an yi wa tarihi ƙarya in aka ce an fi sanin yawan shanun kwarin Haɗejiya a 1930 fiye da yawan matansa. Haraji da jangalin sun ci gaba har 1979, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar Jihar Kano, wadda Haɗejiya ke cikinta kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991.

Abin da aka tabbatar game da rabin farko na ƙarni na 20 shi ne mutuwa tana zuwa ne a guguwa. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta share arewacin lardin Kano. Murar 1918 ta sauka a Legas ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo zuwa Arewa, kuma an ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya. Sanƙarau na dawowa duk bayan 'yan shekaru da zafin bazara. Agana na barin wanda ta bari da zane a fuska ko makanta. Kurmin bakin kogi kuma yana ɗauke da ƙudan tsando, har Turawa suka kafa tashar bincikensa a Gadau, a ƙasar Katagum. Layin dogon da ya ratsa Malam Madori ya isa Nguru a 1930 ya kawo kasuwar gyaɗa da hanyar shigo da hatsi lokacin fari, ya kuma sauƙaƙa wa annoba tafiya. A irin wannan zamani tambayar wa ya fi daɗewa tsakanin mace da namiji ba ta da nauyi sosai, domin ƙyanda da zazzaɓi da gudawa sun riga sun ɗebe kaso mai yawa na kowane jinsi kafin a kai shekarun aure.

Karo na farko da aka zauna aka ƙirga haihuwa da mutuwa gida-gida a wannan yanki da tsanaki, sauro ne ya jawo. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani gagarumin gwaji a gundumar Garki, wadda ke cikin Jigawa a yau, don a ga ko feshin gidaje da raba magani ga kowa da kowa za su iya katse zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikata sun riƙa zagaya ƙauyuka a kai a kai suna ɗibar jini suna rubuta wanda aka haifa da wanda ya rasu. Littafin da Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar a 1980 har yau ana karanta shi a makarantun kiwon lafiya na duniya, ko da yake a Jigawa kaɗan ne suka san da shi. Abin da suka tarar kafin a fara feshi shi ne kusan jariri ɗaya cikin huɗu ba ya ganin zagayowar ranar haihuwarsa. Da aka fara ba da magani mutuwar jarirai ta faɗi warwas a ƙauyukan gwajin. Da aka tattara kaya aka tafi, zazzaɓin ya koma gidan jiya. Garki tudu ce in aka kwatanta da Kiri Kasamma ko Guri, inda ruwa ke kwanciya wata da watanni, don haka babu dalilin zaton cewa jariran fadama sun fi na Garki sa'a.

Duk da haka shekarun 1960 da 1970 sun kawo sauƙi na gaske. Gangamin lambar agana da aka fara a 1967 ya kawar da cutar daga Najeriya a 1970. Kulorakwin ya shiga kantuna, an buɗe ɗakunan shan magani, motoci sun fara kai hatsi inda fari ya yi ɓarna, shi ya sa farin 1972 zuwa 1974, duk da dabbobin da ya hallaka, bai yi kisan Kakalaba ba. Tsawon rai a ƙasa ya tashi daga wajen 37 zuwa wajen 46 a 1980. Daga nan ya tsaya cik na shekara ashirin. Kuɗin mai ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya bar asibitoci babu magani, rigakafin da ya yi ƙarfi a zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti ya sukurkuce bayan tafiyarsa, sauro ya daina jin kulorakwin, ga ƙanjamau ya shigo. Sanƙarau na 1996 ya kama sama da mutum 100,000 ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Binciken ƙasa na 1990 ya ce yara 193 cikin 1,000 na mutuwa kafin shekara biyar, na 2003 ya ce 201. Yaron da aka haifa a farkon mulkin Obasanjo na farar hula bai fi wanda aka haifa a zamanin Shagari samun damar rayuwa ba.

A wannan tsakanin kogin kansa ya sauya hali. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun mayar da kogin da ke cika da damina ya janye da rani zuwa mai gudu duk shekara. An samu noman rani, shinkafa da alkama da kayan miya, kuma ba ƙaramin abu ba ne gida ya samu abinci a watannin da a da ake cin tafasa. Amma ruwan da ba ya ƙafewa ya raya kachala, ta toshe hanyoyin ruwa, ta tura ambaliya cikin garuruwa, ta ba sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya mazauni na dindindin.

Bayan 2003 mutuwar yara ta sake sauka: 157 a 2008, 132 a 2018, 110 a binciken 2023 zuwa 2024. Gidan sauro, sababbin magungunan zazzaɓi, rigakafin sanƙarau da aka fara a 2011, da maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, duk sun taimaka. Jigawa dai tana baya. A 2018 adadinta 213 ne, wato yaro ɗaya cikin biyar, kusan abin da ƙasa baki ɗaya ke fama da shi shekara talatin kafin nan. Abin da ke ƙara ɗaci shi ne maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda muka saba yi wa kallon talakawa, sun rage nasu daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009 ta hanyar ƙananan ɗakunan magani na ƙauye da kula da yara kyauta, kuma a yau tsawon ransu ya haura 60.

Yanzu mu koma inda mace ke asarar fifikonta. Binciken 2018 ya tambayi mutane game da 'yan'uwansu na ciki ɗaya, waɗanda ke raye da waɗanda suka rasu. Daga amsoshin aka gano cewa tsakanin shekara 15 da 49, mata 3.18 cikin 1,000 ke mutuwa a shekara, maza kuma 3.25. Kusan kunnen doki. A yawancin ƙasashen duniya mutuwar maza a waɗannan shekaru ta fi ta mata nesa ba kusa ba, domin su ne shekarun hatsarin mota da faɗa da ganganci. Binciken ya ƙara da cewa kashi 31 cikin 100 na mutuwar matan nan ciki ne ko haihuwa ko jego ya jawo ta. In aka cire wannan kaso, adadin mata zai sauko zuwa wajen 2.2, tazarar da ake gani a sauran duniya ta bayyana nan take. Daidaiton da ke tsakanin mace da namiji a Najeriya ba daga lafiyar maza ya zo ba, ɗakin haihuwa ne ya kawo shi.

Wannan kuwa matsakaicin ƙasa ne, har da Legas da Anambra a ciki. A Arewa an daɗe da sanin girman abin. Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya ƙirga mata 238 da suka rasu, kimanin 1,050 cikin kowace haihuwa 100,000. Mafi yawansu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su bayan naƙuda ta yi kwanaki, kuma hatsarin ya fi tsanani ga 'yan mata masu ƙarancin shekaru da matan da suka yi haihuwa da yawa. Ya kuma lura cewa macen da ta yi makaranta, ko kaɗan ne, ba kasafai take cikin waɗanda suka rasu ba. Bayan kusan shekara arba'in, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya tambayi mata sama da 7,000 a ƙananan hukumomi 24 na Jigawa game da yayyensu da ƙannensu mata. Amsar: 1,012 cikin 100,000. Adadin Zariya na asibiti ne, na Jigawa na cikin gari ne, ba a auna su da mudu ɗaya ba, amma kusancinsu ya isa ya hana mutum barci.

Dubu cikin dubu ɗari kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma wani zai ga kamar ba shi da yawa. Sai dai macen Jigawa, a lissafin 2018, tana haihuwa sau bakwai a rayuwarta. Sau bakwai take shiga wannan caca. In aka tara, binciken ya ce mace ɗaya cikin 15 haihuwa ce za ta zama ajalinta. A aji mai 'yan mata 45 na makarantar firamare a Kaugama ko Birniwa, uku ke nan. Kakanninmu da suka ce kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in ba su da takardar ƙididdiga, amma sun auna daidai.

Kwatancen da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Suwidin, ƙasar da ta fara rubuta haihuwa da mutuwar al'ummarta tun tsakiyar ƙarni na 18. A wancan lokaci mata kimanin 900 cikin 100,000 ke mutuwa wajen haihuwa, kusa da Jigawa ta yau. Kafin 1900 sun sauko da shi zuwa wajen 230. Babu penisilin a lokacin, babu bankin jini, babu motar asibiti, kuma ƙasar ta manoma ce matalauta da ke warwatse a ƙauyuka. Abin da suka yi shi ne horar da ungozoma, tura ta kowace gunduma, koya mata wanke hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da tilasta mata rubuta rahoton kowace haihuwa. Ingila, wadda ta fi su kuɗi da likitoci, ta tsaya a sama da 400 har tsakiyar shekarun 1930.

A wajenmu ungozomar gargajiya aikinta na farawa ne bayan an sauka: yanke cibi, binne mabiyiya, wankan jego. Naƙudar kanta mace ita kaɗai take yinta a ɗaki, kuma kunya, musamman a haihuwar fari, tana hana ta ɗaga murya. A 2018 haihuwa ɗaya cikin biyar ce kawai ake yi a asibiti a Jigawa. Abubuwan da ke kisa sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa, ga ƙarancin jini da cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki suka riga suka shimfiɗa. Zubar jini bayan haihuwa na iya gamawa da mace cikin awa biyu. A sa wannan awa biyun kusa da taswirar fadama a watan Satumba, lokacin da ruwa ya shanye hanya, kamar yadda ya yi a 2012 da 2020 da 2022. Sai an jira maigida ya dawo daga gona ya ba da izini, a nemo kuɗi, a nemo kwalekwale, a haye, a nemo mota. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuma sau da yawa tana fita da yoyon fitsari, cutar da ta sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa sansani a babban asibitin Jahun tun 2008.

Ba a zauna hannu rabbana ba, kuma adalci ne a faɗa. Shirin Haihuwa Lafiya na jihar ya haɗa kai da direbobin ƙungiyar sufuri don ɗauko mai naƙuda daga ƙauye. A Kano, da aka shigar da allurar magnesium sulphate asibitoci goma a 2008, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna cewa wata ledar auna jini mai arha, haɗe da ba da magunguna a lokaci guda, tana rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. Duk waɗannan suna aiki ne a kan macen da ta iso. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 har yanzu yana ba Najeriya mata kimanin 75,000 a shekara, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da haihuwa ke kashewa a duniya.

Kada a ɗauka maza suna cikin inuwa. Namijin fadama shi ke kwana a ruwa yana su, shi ke goya tankin feshi a gonar shinkafa ba safar hannu ba takunkumi, shi ke hawa babur da motar kasuwa, shi ke tafiya ci-rani, shi ke gaba in rikicin manoma da makiyaya ya tashi bayan janyewar ruwa. Tsargiya ta zama ruwan dare ga yara maza har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga. Ciwon ƙoda ya addabi garuruwan da ke bin kogin daga Haɗejiya har Gashuwa, ya cika ɗakunan wankin ƙoda. Daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya, kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, ta kama da wuta a kan masu kwasar fetur, sama da mutum 150 suka hallaka. Kuma namiji a al'adarmu ba ya zuwa asibiti sai an ɗauke shi. Mace ko ba komai awon ciki da rigakafin yara suna kai ta gaban ma'aikacin lafiya, a gwada jininta. Magidanci mai shekara 45 yana iya yawo da hawan jini shekara goma, ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ce iska ce.

Saura zancen majalisa, cewa mata sun fi maza yawa. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum miliyan 4.3 da ɗoriya, kuma maza ne suka ɗan fi yawa. Abin da ido ke gani yana da bayani na daban. A binciken 2018 rabin matan Najeriya sun yi aure kafin su wuce shekara 19, maza kuma sai wajen 27 zuwa 28, kuma a Arewa maso Yamma shekarun mace sun fi haka ƙasa. Al'ummar da ke ƙaruwa da sauri, 'yan shekara 17 a cikinta kullum sun fi 'yan shekara 27 yawa, don haka 'yan matan da suka isa aure za su fi samarin da suka shirya yawa ko da jinsin biyu daidai suke. Haka zancen zawarawa da gwauraye. Macen da ta auri wanda ya girme ta da shekara goma ko ashirin, in ta tsallake shekarun haihuwa, kusan tabbas ita za ta yi masa takaba. In yana da mata uku, mutuwarsa ɗaya za ta bar mata uku a takaba. Namijin da matarsa ta rasu a kan gwiwa kuwa kafin shekara ta zagayo ya sake aure, babu wata alama a jikinsa da za ta nuna an yi rashi. Kakata da ƙawayenta da muke gani a kan tabarma su ne waɗanda suka haye. Waɗanda ba su haye ba sun bar mana Talle.

Idan aka ci nasarar rage mutuwar masu haihuwa, tazarar tsawon rai tsakanin mace da namiji a Jigawa za ta buɗe zuwa shekara uku ko huɗu, kamar yadda ta yi a wasu wurare, kuma ranar da aka ga haka alama ce ta samun sauƙi. Za ta zo da nata nauyin: ƙarin tsofaffin mata da suka rabu da mazajensu, waɗanda rabonsu na gado tumuni ne da za su raba da kishiyoyi, babu fansho, 'ya'yan da za su riƙe su kuma suna Kano ko Legas ko Fatakwal suna neman na kansu.

Ko za mu gane lokacin da sauyin ya zo, wannan wata magana ce. Duk alƙaluman tsawon rai da na kawo na Najeriya ƙiyasi ne da aka gina a kan binciken samfuri, ba a kan rajista ba. Dokar 1992 ta wajabta rubuta kowace haihuwa da mutuwa a wajen Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma mutuwar da ake rubutawa ba ta wuce kusan ɗaya cikin goma ba, kuma akasarinta ta waɗanda suka bar fansho ko kuɗi a banki ce, wato maza ma'aikata. Mace ta rasu da asuba a wani ƙauyen Guri, kafin azahar an yi mata sutura an kai ta makwancinta, kamar yadda addini ya tanada. Limamin da ya sallace ta ya sani, mai unguwa ya sani, masu haƙan kabari sun sani, babu dai wanda aka ɗora wa alhakin rubutawa ya aika gaba. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, ta ƙarshe da muke da ita ta 2006 ce, kuma 'yan matan da aka haifa a shekarar da aka yi ta da yawansu suna goye da na fari ko na biyu.